Emu a ɗakin gwaje-gwaje: littafin aikin zangon farko

Litinin, 16 ga Satumba, 2024

Shugaban makaranta ya sa hannu yau, naira 60,000. Abu uku nake son su tsaya a ɗakin gwaje-gwaje kafin jarrabawar ƙarshen zango: samfurin emu daidai girmanta na gaske, samfurin ƙwanta, da allon da zai nuna inda take a cikin dangin tsuntsaye.

Duk shekara in na zo darasin rarraba halittu, yara sukan haddace matakan su juye a takarda, amma a ransu rarrabawa ba ta wuce a tara masu kama da juna wuri ɗaya ba. Ina neman tsuntsun da zai rushe musu wannan tunani. Jimina sun santa, ko ba su je Gidan Zoo ba sun ga gashinta a figini da takalman sarki ranar hawan sallah. Emu kuwa a Ostireliya kaɗai take rayuwa a daji, kuma duk wanda na nuna wa hotonta sai ya ce jimina ce ta sha wahala. Daga nan nake son mu fara.

Babbar emu tana kaiwa santimita 150 zuwa 190 a tsaye, nauyinta daga kilo 18 zuwa 60, mace ta ɗan fi namiji. Na tsayar da tamu a kan 170 saboda ƙofar ɗakin. 'Yan SS2 ne za su yi aikin tare da ni bayan an tashi.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na fitar da abin da za a rubuta a kan allon daga sama zuwa ƙasa: daular dabbobi, reshen Chordata, ajin tsuntsaye wato Aves, rukunin Casuariiformes, dangin Casuariidae, jinsin *Dromaius*, nau'in *Dromaius novaehollandiae*.

Turawan Ingila sun sauka a wurin da ya zama birnin Sydney a 1788. Shekara ɗaya bayan nan bayanin tsuntsun ya fito a labarin tafiyar gwamna Arthur Phillip, an kira shi kasowarin New Holland, sunan da Turawa ke kiran Ostireliya da shi a zamanin. Kasowari wani babban tsuntsu ne mara tashi na dazukan Niyu Gini da arewacin Ostireliya. A 1790 John Latham ya ba shi sunan kimiyya, *Casuarius novaehollandiae*, ya haɗa shi jinsi ɗaya da kasowari ke nan. Sai a 1816 Bafaranshe Louis Vieillot ya raba su ya yi wa emu jinsinta. A cikin aiki guda ya rubuta sunan iri biyu, *Dromiceius* da *Dromaius*, masana suka daɗe suna ja-in-ja a kan wanda za a bi kafin na biyun ya zauna. Abin da na ja wa layi don yara: mutanen da suka fara riƙe fatar tsuntsun a hannu, kasowari suka tuna.

Wasu littattafai suna ba emu dangi nata ita kaɗai, Dromaiidae. Mafi yawan jerin sunayen da ake aiki da su yanzu sun haɗe ta da kasowari a Casuariidae. Na bi na yanzu, zan sa tsohon da ƙananan baƙaƙe a gefe.

Asabar, 21 ga Satumba

Ƙofar Ruwa. Rodi mai mili 12 sanda ɗaya 11,500, mai mili 8 sanda ɗaya 5,500, ragar kaji 6,000, wayar ɗauri 1,500, adaidaita 1,500. An ci 26,000 ba a kai ga lanƙwasa ko ƙarfe ɗaya ba. Na bar wa mai walda zanen da awon.

Asabar, 28 ga Satumba

Na tarar da firam ɗin tsaye a ƙofar shago, aiki mai tsafta, sai dai kowace ƙafa yatsu biyu gare ta, wuyan kuma ya tashi har ya wuce kaina nesa. A zanen yatsu uku ne.

Ya ce, "Malam, ai na ɗauka biro ne ya zame maka. Na yi wa wani Alhaji kejin jiminu, yatsu biyu ne, babba da ƙarami, da idona na gani. Wuyan ma na ga ka rage shi, na ce bari in gyara maka."

A kan jimina gaskiyarsa. Ita kaɗai ce tsuntsuwar da ke da yatsu biyu a ƙafa, kuma namijinta yana kai mita 2.7. Emu yatsu uku gare ta, duka suna kallon gaba, babu na baya irin na kaza. Haka kasowari, haka reya ta Kudancin Amurka. Na buɗe masa hoto a waya, ya ƙura wa ƙafar ido, ya ƙirga da yatsansa a kan gilashin. Sannan ya ce, "To wai ƙanwar jimina ce?" Na ce 'yar uwarta ta kusa, wato kasowari, tana dazukan Niyu Gini da arewacin Queensland, baƙa ce mai kwalkwali a ka, jimina kuwa dangi ce ta nesa ƙwarai. Ya girgiza kai ya ce kama da wane dai ba ta wane.

Abu ɗaya ya burge ni a aikinsa. Gaɓar nan da ke tsakiyar ƙafar tsuntsu, wadda ke lanƙwashewa baya har mutane ke cewa gwiwarsa a juye take, idon sawu ne. Gwiwar gaske tana sama, a ɓoye cikin gashi, tana kallon gaba. Ban yi masa wannan bayani ba, amma ya sa duka gaɓoɓin biyu a inda ya dace. Ya ce ai kullum yana cin cinyar kaza.

Ya yanke wuyan, ya sake tafin ƙafafun. Kuɗin aiki 9,000, na ƙara 1,000 na sandar walda tunda bai karɓi ladan gyaran ba.

Laraba, 2 ga Oktoba

An kawo firam makaranta a kura, 1,500. Yara sun naɗe jiki da wuya da raga. Biyu sun yanke a hannu, ba sosai ba. Daga yau kowa ya zo da tsohuwar safa ya sa a hannu.

Litinin, 7 ga Oktoba

Ba mu taɓa samfurin ba, darasi muka yi. Na roƙi mai gasa kaji na bakin titi ya ajiye mini ƙashin ƙirji guda biyu, na tafasa su na kankare na shanya. Suka zagaya aji hannu zuwa hannu. A tsakiyar ƙashin akwai wani siririn tudu da ya miƙe tsaye, farin naman ƙirji yana manne da shi dama da hagu. Wannan nama shi ne tsokar da ke kaɗa fiffike, tudun kuma shi ne madafarta. A jikin emu babu tudun, ƙashin ƙirjinta a shimfiɗe yake sumul. Fiffikenta bai wuce santimita 20 ba, da ɗan farce a ƙarshensa, in tana tsaye ma ba ka ganinsa. Gudu ne nata, tana kusan kilomita 50 a awa.

Wannan shimfiɗaɗɗen ƙirji shi ya sa Bajamushe Blasius Merrem a 1813 ya tara ire-irensu a ƙarƙashin suna ɗaya, Ratitae: jimina, emu, kasowari, reya, daga baya aka ƙara kiwi da waɗanda suka ƙare. A 1867 Thomas Huxley ya duba wani wuri daban, ƙasusuwan ganɗa, ya ga tsarinsu a waɗannan tsuntsaye ya saɓa wa na sauran. A 1900 William Pycraft ya raɗa wa masu irin wannan ganɗa suna Palaeognathae, duk sauran tsuntsayen duniya, daga kaza zuwa shaho, suka zama Neognathae.

Wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu: "Malam, to penguin fa? Shi ma ai ba ya tashi." Tambayar da na fi so a makon ke nan. Penguin, tsuntsun teku mara tashi, yana da tudun ƙirji babba, domin da fiffike yake iyo, kuma ganɗarsa irin ta kaza ce. Rashin tashi kaɗai bai haɗa shi da emu ba. Na ce ta riƙe tambayar, za ta yi mana amfani a kan allo.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Mun dama sitaci, mun liƙa takardar buhun siminti a kai da wuya da ƙafafu. Jikin ba ya bukata, buhu za a rufa masa. Sitaci 2,000.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ɓeraye. Na buɗe ɗakin na tarar da ɓarɓashin takarda a ƙasa, ƙafar hagu an cinye ta tun daga yatsu har idon sawu, raga ta fito fili. Sun bi rodi sun hau har wuya. Inda ba su kai ba kuma, wato kan, ya yi fumfuna baƙi-baƙi, saboda an rufe tagogi tun Juma'a kuma danshin ƙarshen damina bai gama barin ɗakin ba. Warin ya ishe mu.

Mun ɓare komai muka ƙone. Kafintan makaranta ya ce in bar sitaci, abincin ɓera ne, in sayi farin gam na kafintoci in sirka da ruwa. Gam 5,500, tarko 1,200. Shafi ɗaya za mu riƙa yi a rana, mu fitar da ita rana ta bushe kafin a ƙara wani. Mako guda ya tafi a banza.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Zanen allo, kuma a nan muka yi doguwar muhawara da Malamar Jogirafi.

Littafin da ke ɗakin karatunmu tsoho ne, ya zuba su duka a rukuni ɗaya, Struthioniformes, da jimina a kan gaba. Malama kuma tana da labarin da take koyarwa shekara da shekaru, wanda Joel Cracraft ya tsara a 1974: kakan waɗannan tsuntsaye mara tashi ne, yana yawo a kan tsohuwar nahiyar Gondwana, da nahiyar ta tsattsage sai kowane yanki ya tafi da nasa. Afirka ta tafi da jimina, Kudancin Amurka da reya, Ostireliya da emu da kasowari, Niyu Zilan da kiwi da moa, Madagaska da tsuntsun-giwa. Labari ne mai daɗin koyarwa, taswira ɗaya ta ishe ka. Ta so a zana taswirar a tsakiyar allon.

Matsalar ita ce binciken DNA bai goyi bayansa ba. A 2008 aka nuna cewa jimina ce ta fara ballewa daga kan kowa, kuma tinamu, wasu ƙananan tsuntsaye na Tsakiya da Kudancin Amurka masu tudun ƙirji, masu tashi, suna tsakiyar dangin tsundum. Ma'ana emu ta fi kusa da tinamu mai tashi a kan jimina. A 2010 aka gano cewa moa, wadda ta ƙare a Niyu Zilan bayan zuwan mutane, ɗan uwanta na kusa tinamu ne, ba kiwin da suke ƙasa ɗaya ba. A 2014 aka ciro DNA daga ƙasusuwan tsuntsun-giwa na Madagaska, ƙaton da ya fi jimina nauyi nesa ba kusa ba, sai ga shi ɗan uwan kiwi ne, wanda bai fi kaza ba. Su biyun nan su ne maƙwabtan reshen emu da kasowari.

Na ce mata, "Malama, in tsagewar ƙasa ce ta raba su, ai Madagaska da Afirka ta rabu, kamata ya yi tsuntsun-giwa ya jingina da jimina. Me ya kai shi Niyu Zilan?" Abin da mafi yawan masana ke gani yanzu shi ne kakannin suna tashi, da fiffike suka ƙetara teku, sannan kowane reshe ya daina tashi ya yi girma a inda ya sauka. Dogon wuya, dogayen ƙafafu da shimfiɗaɗɗen ƙirji sun bayyana fiye da sau ɗaya, domin rayuwar gudu a ƙasa iri ɗaya take bukata.

Ta ce, "Malam, ka rikita wa yara abu mai sauƙi." Ni a ganina rikicin shi ne darasin. In an ba su bishiyar da komai ya zauna daram, za su ɗauka rarraba halittu wahayi ne da ba a taɓa gyarawa. Mun daidaita: bishiyar a tsakiya, taswirar Gondwana ƙarama a kusurwa da shekarar 1974 a ƙarƙashinta. Reshen reya zan ja shi da ɗigo-ɗigo, domin binciken masana ya saɓa a kan ainihin inda ya tsiro.

Talata, 22 ga Oktoba

Takardar ta bushe da kyau, ɓera bai taɓa ba. Sabuwar matsala: da kai da wuya suka yi nauyi, samfurin ya fara rinjaya gaba. Emu mai rai tana ɗora gangar jikinta a kwance bisa ƙugu, nauyin baya yana riƙe na gaba, tamu kuwa bayanta iska ce cikin raga. Sai an yi mata gindi na farantin ƙarfe. Babu wuta tun jiya, ba unguwarmu kaɗai ba, kusan duk Arewa. Mun ɗaure ta da igiya a jikin taga.

Asabar, 26 ga Oktoba

Har yanzu duhu. Mai walda ya ce in da janareta ne kuɗin sai ya ninka, litar fetur ta haura dubu. Zan jira.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Wuta ta leƙo. Tsohon farantin ƙarfe daga 'yan gwangwan 3,500, walda 4,000, kura kai da kawowa 1,500. Mun naɗe ƙafafun da jiƙaƙƙen tsumma don kada tartsatsi ya kama takardar. Ta tsaya da kanta, na tura ta da kafaɗa ba ta motsa ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Yara sun zo da buhu guda na gashin kaji daga wurin masu fige kaji, suna murna. Da ƙyar na iya ce musu ba zai yi ba.

Na ɗauki gashin kaza ɗaya na tsaga shi da yatsa, na shafa, ya koma ya haɗe. Ƙananan ƙugiyoyi ne a jikin zarurrukan suke sarƙe juna, shi ya sa gashin ke zama faifai ɗaya mai tare iska. Gashin emu ba shi da waɗannan ƙugiyoyi, zarurrukan a sake suke, suna zubowa. Sannan daga kowane tushe gashi biyu ne ke fitowa, tsayinsu ɗaya. Kasowari ma haka nata yake, biyu-biyu. Jimina gashinta guda-guda ne, mai laushi da faɗi, wanda ya sa fatake suka riƙa ɗaukarsa daga Kano su ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus. Wata shaidar ke nan da za a iya taɓawa da hannu a kan wa ya fi kusa da wa.

Abin da ya fi kama da shi a kasuwarmu zaren rama ne. Na sayi na 4,500, garin rini ruwan ƙasa da baƙi 2,000. Mun rufe jikin da buhun algarara da wani uba ya ba mu kyauta. Kowane tufka a yanka shi kamu ɗaya da rabi, a ninka biyu, a soke da basilla ta wurin ninkin, sai ya fito biyu daga tushe ɗaya yadda na gaske yake. Ana farawa daga ƙasa a hau sama, kowane layi ya rufe kan na ƙasansa, yadda ake baibayar jinka. A gadon baya a raba shi dama da hagu.

Rinin farko ya fito ja-ja. Mun ƙara baƙi muka sake tsomawa, sannan muka tsoma bakin kowane tufka a baƙi zalla. A jikin emu bakin gashin ne mai duhu, shi ke shanye zafin rana, na ciki kuma ya hana zafin isa fata, abin da ke ba ta damar kiwo da tsakar rana.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ɗinki. An gama ɓangaren dama. 'Yan matan sun fi mazan sauri ninki biyu.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na koma kan zanen allo saboda ƙasan reshen emu. A yau nau'i ɗaya ne ya rage a jinsin *Dromaius*, amma lokacin da Turawa suka iso akwai wasu emu a tsibirai uku na kudu: Tasmaniya, tsibirin King da tsibirin Kangaroo. Na tsibiran biyu na ƙarshe gajeru ne, ta King ce mafi ƙanƙanta kuma mafi duhu. Ayarin jiragen ruwan Faransa ƙarƙashin Nicolas Baudin ya biya ta tsibiran a 1802 da 1803 ya kwashi wasu da rai zuwa Faransa. Biyu sun rayu a Paris har 1822. A tsibiran nasu kuwa farauta da gobarar daji sun gama da su cikin 'yan shekaru. Ta Tasmaniya ta ɗan jima, ta kai wajen tsakiyar ƙarni na 19.

An daɗe ana lissafa na King da Kangaroo a matsayin nau'o'i masu zaman kansu. Ta Kangaroo ma sai a 1984 Shane Parker ya ba ta suna *baudinianus*. A 2011 binciken DNA ya nuna ta King emu ce irin ta babban yankin, zaman tsibiri ne ya tsuke ta bayan teku ya taso ya raba ƙasar. Yanzu ana rubuta su a matsayin ƙananan nau'o'i: *minor*, *baudinianus*, *diemenensis*. Zan sa su da toka-toka, da alamar sun ƙare.

A ɓangaren jimina kuma akasin haka aka yi. Da nau'i ɗaya ne, *Struthio camelus*, a 2014 aka ware ta Somaliya mai shuɗin wuya ta zama *Struthio molybdophanes*. Tamu ta Sahel mai jan wuya ita ce *Struthio camelus camelus*, wadda ta yi ƙaranci har ake kiwonta a killace a Kelle ta Jamhuriyar Nijar don a mayar da ita daji. A wuri ɗaya an haɗe, a wani an raba, duk cikin shekara uku. Zan sa shekarun a kan allon.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Ƙwan da mai tukwane ta gina ya fashe a wurin gasawa, ta yi shi dunƙule ba rami. 1,000 ta tafi. Na kai wa mai sassaƙa turmi awon, santimita 13 a tsaye, 9 a kwance, ya fitar da shi a itace 2,500. Fenti shuɗi, kore, baƙi da fari ƙananan gwangwani 4,000, har da na wuya.

Ƙwan emu kore ne mai duhu sosai, fatarsa da ɗan kaushi, nauyinsa tsakanin giram 450 da 650. Na bubbuga fentin da soso maimakon burushi don kaushin ya fito. Na kasowari ma kore ne, sai dai ya fi haske. Na jimina fari ne mai ɗan rawaya, ya kusa kilo ɗaya da rabi.

Da na gaya musu wa ke kwanci, ajin ya kaure. Macen tana zuba ƙwai a lokacin sanyin Ostireliya, wajen Mayu da Yuni, sai namijin ya hau. Kimanin mako takwas yana kai, kusan ba ci ba sha sai raɓar da ya samu a kusa, yana miƙewa ne kawai ya juya ƙwan, har ya zubar da wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Ita kuwa tana iya tafiya ta sami wani namijin ta sake zubawa. In sun ƙyanƙyashe, 'yan tsakin masu ratsin fari da ruwan ƙasa shi suke bi wata da watanni. 'Yan mata suka yi ta tafi, wani yaro ya ce, "Malam, wannan ai an shanye shi." Haka kasowari da reya da tinamu suke yi. Jimina ce ke raba aikin, mace da rana, namiji da dare.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Falankin allo 14,000, mai rubutun allo 8,000. Ya zuba sunayen kimiyyar duka da manyan baƙaƙe, wai sun fi fitowa daga nesa. Na ce ƙa'ida ce ta duniya: sunan jinsi ya fara da babban baƙi, na nau'i duka ƙanana, a kuma karkata rubutun. Ya shafe da fari, zai sake ranar Litinin in ya bushe. Na rubuta masa *novaehollandiae* a takarda baƙi-baƙi na manna a jikin allon.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Hunturu ya tsaga wuyan a wuri biyu, daidai inda rodi ya lanƙwasa. Mun naɗe da yadin akoko da aka tsoma a gam, 1,500, muka sake fenti. Fatar wuyan emu shuɗiya ce mai haske, tana leƙowa ta cikin siraran baƙin gashi, don haka na warware ɗan zaren rama na yayyafa a kan fentin tun yana ɗanye. Idanu maɓallan riga ne ruwan goro.

Wani ya ga labarin yaƙin 1932 a waya, yanzu kowa so yake a sa shi a allo. Na ba su labarin muna aiki. A gundumar Campion ta Yammacin Ostireliya, emu kimanin 20,000 suka afka wa gonakin alkama, manoman kuma da yawansu tsofaffin sojoji ne. Gwamnati ta tura Manjo Meredith da sojoji biyu da bindigogi masu sarrafa kansu ƙirar Lewis guda biyu a watan Nuwamba. Tsuntsayen suka riƙa watsewa ƙungiya-ƙungiya da zarar an buɗe wuta, har aka janye sojojin a Disamba ba a kashe dubu cikakke ba. Daga baya shinge da ladan farauta aka koma wa. Tsuntsuwar da aka yi wa wannan ita ce ke tsaye tare da kangaru a tambarin ƙasar. A allo dai babu wurinsa, ba rarrabawa ba ne.

Talata, 3 ga Disamba

An kafa allon, samfurin na gefensa, ƙwan a cikin akwatin gilashin da muka ciro daga sito. Na gwada 'yan SS1 da ba su yi aikin da mu ba. Na ba su hotunan jimina, emu, kasowari, tinamu da penguin, na ce su haɗa 'yan uwa kafin su kalli allo. Kusan duka suka haɗa emu da jimina. Sai na bar 'yan SS2 su yi musu bayani da yatsun ƙafa, tufkar rama da ƙashin kaza, ban sa baki ba. Wurin tinamu ne kawai suka kakare, domin ba mu da abin nuna ganɗa a hannu.

Jimillar kuɗi 92,700. Ƙarin 32,700 daga aljihuna ta fita, na miƙa rasit ga ma'aji.

Zango na biyu: ƙafafu uku a jere a kan katako ɗaya, ta jimina, ta emu da ta kasowari mai dogon farcen nan na yatsan ciki da ke kai santimita 12. Ragowar rodi mai mili 8 zai isa, mai walda ya ce 5,000. Ina kuma neman ƙoƙon kan kaza da za a tafasa a tsaga don a ga ganɗar Neognathae, ta Palaeognathae sai dai a zana. Kafin hutu za a rufe samfurin da tsohon zanen gado saboda ƙura, a janye shi daga jikin bango saboda gara, mai gadi kuma ya karɓi tarkunan zai riƙa dubawa ranar Juma'a.